Na Ji Rabin Shiri, Shanun Adda Suka Tafi

Edita, ina yi maku sallama tare da masu karanta wannan shafi. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru ni malamar firamare ce a Kusada, matar aure mai ɗiya, kuma in za a faɗi gaskiya, mace mai jin kanta. Ba kyau nake taƙama da shi ba, ba kuma dukiya ba, don ba ni da ko ɗaya da za a yi magana a kai. Abin da ya kumbura mani kai shi ne a ce na sani. Tun da na sayi babbar waya na gano shirye-shiryen murya da ake saukewa a saurara lokacin da aka ga dama, waɗanda ake kira fodkas, kunnena bai sake hutawa ba. Duk ranar da na shiga Kankia wajen 'yan uwa, inda sabis ya fi ƙarfi, sai na cika wayar da su. In ina wanki suna kunnena, in ina tsintar shinkafa suna kunnena, har duba littattafan yara nake yi ana mani magana ta ƙarƙashin ɗankwali. Maigidana, wanda manomi ne kuma yana ɗan taɓa fataucin hatsi, ya yi mita har ya gaji ya sa mani ido.

Muna da guruf na malamai mata a waya, kuma duk ranar Juma'a ni ke faɗa masu shirin da ya kamata su saurara a wannan mako. Ba zan ce babu alheri a ciki ba. Akwai wani na tarbiyyar yara da ya sa wata abokiyar aikina ta daina dukan ɗanta a kan fitsarin kwance. Akwai na sana'o'in gida da wata ta koyi haɗa sabulu daga gare shi, akwai na tarihi da muke tafka muhawara a kansa lokacin hutun tara a makaranta. Suna tsokanata da gidan rediyo mai ƙafa, ni kuwa in yi kamar na ji haushi alhali daɗi nake ji har cikin raina. Sai dai ina da wata ɗabi'a da ban ɗauke ta a bakin komai ba. Da zarar mai gabatarwa ya fara karanta gaishe-gaishen masu saurare ko talla, sai in kashe in wuce wani shirin, don a ganina an riga an gama magana mai amfani. Haka na yi ta tura wa mutane abubuwan da ban taɓa jin ƙarshensu ba, kuma ba wanda ya taɓa kama ni.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mani nono tun ina goyon fari. Ta girme ni, don haka Adda nake ce mata, ita kuma ta ce mani Malama. Rugarsu tana can wajen Bauranya, daga can take takowa da ƙwarya a ka. Gidana ne zangonta na ƙarshe, nan take sauke kaya ta sha ruwa ta miƙe ƙafa kafin rana ta yi sanyi. Ciniki ne ya haɗa mu amma ya daɗe da wuce ciniki. Ita ta kawo mani man shanu duk haihuwar da na yi bayan ta fari, ni kuma na je bikin babbar ɗiyarta na kwana a ruga, sauro ya yi mani kaca-kaca tana dariya. Kullum ta gan ni da abin sauraro sai ta ce wai aljanun kunnena sun iso, in gaishe mata da su. Da rani mijinta da manyan ɗiyanta maza sukan tafi kudu da garke, a bar mata 'yan shanun tatsa, ita da surukarta tsohuwa da ƙananan 'yan mata. Waɗannan shanun su ne abincinsu, su ne suturarsu. A cikinsu akwai wata fara mai baƙin kunne wadda Adda ke maganarta kamar mutum. Jikar karsanar da mahaifinta ya ba ta ce tun ranar sunanta, kuma mahaifin ya daɗe da rasuwa.

A shekarar bazara ta yi tsawo, ruwa ya ƙi sauka. Na lura ƙwaryar Adda tana ta raguwa, har ta kai tana ajiye mani nawa daban tun daga gida don kada ya ƙare a hanya. Wata Asabar ta zo ta zauna ba tsokana ba dariya. Ta ce mani daji ya bushe ƙarau, harawa ta fi ƙarfinta, karan dawar da ta tara shanun sai su shinshina su juya kai. Ta ce hantsa ta tsotse, maraƙa na kuka, farar saniyar nan sai an kama mata wutsiya an taimaka mata take tashi da safe. Ban taɓa ganin idon Adda ya kawo ruwa ba sai ranar, ta yi sauri ta ɗauke kai kamar tana gyara faifan da ke kan ƙwarya.

Nan take na tuna da wani shiri na noma da kiwo da na saurara kwanakin baya. Har yau ina iya jin irin murnar da ta kama ni, murnar mai magani a hannu. Na ɗauko waya na kunna mata da ƙarfi a tsakar gida. An gayyato wani masanin dabbobi yana bayani cewa farin takin zamani, wanda manoma ke kira yuriya, yana iya mayar da busasshen kara abinci mai ƙarfi, dabba ta murmure, nono ya dawo. Mutumin yana Hausa yana sirka Turanci, Adda tana kallon wayar tana kallona. Da mai gabatarwa ya ce bari a ji saƙonnin masu saurare, sai na kashe kamar yadda na saba. Sai ta tambaye ni ko ana ba su shi ne kamar yadda suke ba su kanwa, wato a jiƙa a ruwa a dama da dusa. A wannan lokacin na san sarai ban ji an faɗi haka ba. Amma an ambaci ruwa, an ambaci taki, ga ta kuma ta zuba mani ido tana jiran Malama ta yanke hukunci. Na ce mata haka ne.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Tashi na yi na shiga ɗakin ajiyar maigida inda ragowar takin damina yake, na ɗebo mata a leda mai yawa, don ni ban san ma ana aunawa ba. Ta karɓa ta shinshina, ta murza ƙwayoyin a yatsa, ta ce ita dai tun da ta tashi ba ta taɓa ganin an ba saniya abincin gona ba, ko ta bari mai shanun, wato mijinta, ya dawo tukuna. Ni kuma na sa dariya na ce abin da ke damun Fulani ke nan, komai sai yadda kakanni suka yi, kafin ya dawo ai sai dai ya tarar da ƙashi da fata. Na ce mutumin da ya yi maganar likita ne, ya yi karatun abin, ba a bakin kasuwa na tsinto ba. Ta yi murmushi ta ce tun da Malama ta faɗa ai shi ke nan. Ta ƙulle ledar ta sa cikin ƙwarya ta yi mani godiya, har da addu'a ga ɗiyana. Wannan dariyar da na yi mata ita ta fi komai ci mani rai har yanzu.

Washegari ba ta zo ba, ban kawo komai a raina ba. Da la'asar maigida ya dawo daga kasuwa fuskarsa ba walwala. Yana wanke ƙafa yake faɗa mani cewa an yi ɓarna a wata ruga wajen Bauranya, shanun tatsa sun zube lokaci guda, kuma magana ta fara yawo cewa manoma ne suka sa masu guba. Ya ce Allah ya kiyaye, don irin wannan zance ba a san inda yake tsayawa ba, musamman a wannan zamani da kowa ke ɗar-ɗar da kowa. Na tambaye shi rugar wa, ya ce ai ta mai kawo mana nono ce, shi ya sa ma ya fara da ni. Ban san lokacin da ludayin hannuna ya faɗi cikin miya ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na nemo shirin, na wuce gaishe-gaishen da tallar, na ga ashe sauran magana ta fi wadda na ji yawa.

Abin da masanin ya fara faɗa bayan an dawo shi ne gargaɗi, kuma ya maimaita shi da Hausa tsantsa ba sirki. Ya ce kada kowa ya kuskura ya ba dabba wannan taki kai tsaye, ko a ruwan sha ko a dusa, don guba ne mai saurin kisa, balle ga dabbar da ke jin yunwa. Ya ce kaɗan ake narkarwa a ruwa mai yawa, a yayyafa wa karan da aka daddatsa, a rufe ruf da leda na makonni, sannan a buɗe ya sha iska kafin a fara ba dabba kaɗan-kaɗan. Ya roƙi masu saurare da kada su gwada sai da malamin dabbobi a tsaye. Mai gabatarwa ma ya ƙara da cewa duk wanda zai tura wa wani shirin, don Allah ya ce mashi ya ji har ƙarshe. Mutanen nan sun sauke nauyinsu, babu laifinsu ko ƙwayar gero. Na zauna a ƙasa na rasa ko hawayen da zan yi.

Zan faɗi abin da zuciyata ta raya mani, don in na ɓoye shi wannan rubutu bai da amfani. Ta ce in yi shiru. Ba wanda ya ga lokacin da na ba ta ledar, kuma na san halin Adda, kunya ba za ta bar ta ta kama sunana ba. Na fito na gama girki, na zuba wa yara, na yi sallar magariba ban san abin da na karanta ba. Amma da na ji maigida a zaure suna magana da maƙwabci cewa samarin rugagen kusa sun fara taruwa, har an ambaci gidajen da ake zargi, sai na kira shi ciki na faɗa mashi komai. Sai ya tambaye ni ko na taɓa kiwon ko akuya ɗaya a rayuwata, na ce a'a. Bai ƙara wata magana ba sai cewa in shirya, da sassafe za mu tafi, kuma da bakina zan faɗa.

Mun isa a babur rana ta ɗan ɗaga. Tun daga nesa na ji kukan maraƙa, irin kukan da murya ta riga ta dishe. An janye gawarwakin can bayan ruga ana haƙa rami, amma na hango farar a cikinsu, cikinta ya kumbura kamar zai fashe, ƙafafuwa a sandare. Ardon yankin yana zaune da mai unguwa a gindin wata bishiya, mutane sun kewaye su, Fulani gefe guda, manoma gefe guda. Surukar Adda ce ta ba ni labarin yadda aka yi. Ta ce da safe aka dama masu a babban baho, suka yi rububi a kai saboda yunwa. Kafin Adda ta gama wanke ƙwaryar tatsa sun fara karkarwa, kumfa na zuba a baki, suna tangaɗi suna faɗuwa. Babu namiji a rugar da zai yanka. Adda ta ruga da gudu ba ɗankwali zuwa gonakin da ake shara, mazan suka yar da fartanya suka biyo ta da wuƙa, amma kafin su iso duk sun zama mushe, ko nama ba a samu ba. Waɗannan mutanen da suka zo taimako su ne aka kwana ana zargi. Malamin dabbobi da aka kira daga Kankia ya duba bahon ya ce taki ne, Adda ta ce ita ta dama da hannunta, amma ta ƙi faɗin inda ta samo. Shi ya sa samarin suka ce wani ne ya yaudare ta da gangan.

Na durƙusa gaban ardo da mai unguwa na faɗi abin da ya faru tun daga farko. Na kunna masu shirin suka ji da kunnensu, har da wurin da na kashe. Wani saurayi ya taso yana faɗa, ardo ya ɗaga mashi hannu ya koma ya zauna. Tsohon ya ce to, yanzu an san ba ƙeta ba ce, kowa ya mayar da zuciyarsa, a je a ba waɗanda aka zarga haƙuri. Ya dube ni ya ce yarinya, Allah ya shirye ki, ya kau da kai. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Adda tana cikin bukkarta, ba ta fito taron ba. Na shiga na same ta zaune ta jingina da gado, ƙafafunta duk ƙaya da tsagewa daga gudun da ta yi. Na faɗi gabanta ina kuka ina neman gafara. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ture ni ba. Ta ce in bar kuka, hannunta ne ya dama, kuma kwanansu ne ya ƙare. Can sai ta ce tambaya ɗaya take so ta yi mani, in ji tsoron Allah in ba ta amsa. Ta ce lokacin da ta tambaye ni ko kamar kanwa ake ba su na ce haka ne, na sani ne ko kuwa. Na ce ban sani ba. Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce Malama, ai da kin faɗa mani haka tun ranar, da na jira mai shanun. Na tashi na fito.

Da mijinta ya dawo, maigidana ya kai masu karsana ta hannun ardo. Mijin ya ƙi karɓa sai da dattawa suka sa baki. Na ji an ce Adda ta shafa bayan karsanar ta ce Allah ya amfana, amma ba ta taɓa kiranta tata ba. Maraƙan da suka rasa uwa an yi ta fama da su da kunu, mafi yawansu ba su kai damina ba. Ruwa kuwa ya sauka ba da jimawa ba bayan abin, ciyawa ta fito ko'ina, na riƙa kallonta a hanyar makaranta ina jin kamar in haɗiyi zuciya. Adda ba ta sake shigowa gidana ba. Ba gaba ta yi da ni ba, in na aika gaisuwa tana amsawa, kawai ba ta da abin da za ta kawo. Bayan girbi na ji sun tashi daga wurin sun koma wajen dangin mijinta a ɓangaren Kankia. Ni kuma na daina rubuta komai a guruf ranar Juma'a. Da aka dame ni da tambaya na faɗa masu dalili, wasu suka tausaya mani, wasu suka yi ta yi da ni a bayan ido, kuma ban ga laifinsu ba.

Bara na gan ta a kasuwar Kankia. Na shiga wani shagon kayan shayi, sai ga ta a tsaye ana auna mata madarar gari a leda. Ta rame, amma tsaf da ita kamar kullum. Mun gaisa, ta tambayi ɗiyana ɗaya bayan ɗaya, ba ta manta ko ɗaya ba. Ta ga idona ya sauka kan ledar, sai ta ce da madarar take kwana da nono yanzu, a dama a sa tsami, da safe a fita da shi. Ta ce garken mijin ya ragu, ba ya iya barin na tatsa a gida, kuma mutanen gari ba duka ke gane bambanci ba. Ta faɗi haka tana ɗan murmushi, amma ta sunkuyar da kai. Matar da aka haifa a tsakiyar shanu, wadda ta fara tatsa tun kafin ta iya ɗaura zane, ita ce ke layi a shago tana sayen madarar awo. Na fito daga shagon ban sayi abin da ya kai ni ba, na samu bayan wata rumfa na yi kuka mai isata.

Ban rubuto don in ce a daina sauraron waɗannan shirye-shirye ba. Akwai ilimi a cikinsu, ni ma har yanzu ina saurare, sai dai ba na kashewa sai mai magana ya yi sallama. Abin da na koya shi ne, duk wanda ya ce wa wani ya saurari abu, ko ya gwada abu, to ya ɗora mutuncinsa a kai, kuma mutane ba muryar cikin waya suke yarda da ita ba, fuskar wanda ya kawo masu suke dubawa. Adda ba ta san likitan nan ba, ni ta sani. Ina roƙon 'yan uwana masu manyan wayoyi, musamman mu da ake kira malamai a ƙauyuka ana ganin mun san komai, kada ku tura abin da ba ku ji ƙarshensa ba. In abin ya shafi lafiyar mutum ko dabba ko gona, ku haɗa mai tambaya da masu aikin, ku janye bakinku. In mai sana'a ya nuna shakka a kan sana'arsa, kada ku yi mashi dariya don ya saki abin da ya sani ya kama naku. In kuma aka tambaye ku abin da ba ku da tabbas a kansa, ku daure ku ce ba ku sani ba. Ni kunyar faɗin haka na ji a tsakar gidana, ba kowa a wurin sai ni da ita, kuma ita ce ta biya da jikar saniyar da mahaifinta ya bar mata.